Ta'aziyyar da Na Karɓa a Kwamfutar Bilki

Har yau akwai tambayar da na kasa ba kaina amsa: shin karatun nan na kwamfuta ne ya samo wa jikata Bilki aiki, ko kuwa bakina ne, wanda ya kusa raba ta da shi? Na tambayi ita Bilkin, na tambayi gwaggonta Saude da ke rubuta mani wannan labari, kowa da abin da ya ce. Mutum ɗaya ne zai gaya mani gaskiya ba tare da tsoron ɓacin raina ba, shi kuma yana kwance a maƙabartar Kankara. Abin da na sani dai, ko tsufa zai kwashe mani komai, ba zan taɓa mantawa da hantsin ranar nan ba, da irin kunyar da na sha ina zaune a kan tabarmata, cikin ɗakina, ba inda na je.

(Saude, ki rubuta yadda na faɗa. Na san ke malamar makaranta ce, amma kar ki gyara mani magana. In kuka ya zo mani ki dakata, in ya wuce mu ci gaba.)

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Ruwan Godiya, ƙasar Faskari. Can aka kai ni gidan Malam, can na haifi 'ya'yana, can na zaci za a binne ni. Da mutanen daji suka matsa mamu, noma ya gagara, sai muka tattaro muka dawo Kankara gidan babban ɗana. Ranar tashin, kowa yana neman kayan sawa da tukwane, shi Malam irinsa yake ta lodawa a mota: kaura, farfara, mori, gero, maiwa, da wata jar dawa da ya gada tun daga kakansa na wajen Sabuwa. Kowanne cikin ƙoƙonsa, an toshe baki da tsumma da toka. Ya bar butarsa, ya bar buzunsa, ya ɗauko iri. Ni kuma aka ce in bar akuyata, wai mota ta cika. (Ban yafe mashi akuyar nan ba sai ranar da aka fita da shi.)

Bilki 'yar babban ɗan nawa ce. Ta yi karatu a Katsina, ta dawo gida da takarda mai hatimi, aiki kuwa babu. Sai kawunta ya ba ta wata tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake buɗewa kamar faifai biyu, ta ce za ta koyi yin shafukan intanet. Na ce ta yi mani bayani da Hausa.

Ta ce, "Kaka, kin san tsaiko?"

Na ce, "Ni za ki tambaya tsaiko, 'yar nema? A ƙarƙashinsa aka yanke mani cibiya."

Ta ce, "To a da, duk mai son yin shafi sai ya shiga daji da kansa ya saro itace, ya murza igiya da kansa. Yanzu akwai waɗanda suka riga suka ɗaure tsaikon suka ajiye. Kai dai ka koyi yadda ake aza shi, sai ka baibaye da ciyawar da kake so. Shi nake koyo. Shi masu ɗaukar aiki suke tambaya."

Abin yana da sunansa na Turanci, ni dai tsaiko nake ce mashi, har duk gidan suka bi ni.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Bilki tana nan durƙushe gaban kwamfuta. Lokacin da aka yanke sabis ɗin waya a ƙasarmu, mota take hawa zuwa inda ake samu, ta sauko da karatun ta dawo. Ta gama koyon tsaikon farko, sai aka ce mata wai an daina yayinsa, ta koma ta kama wani. Ta aika neman aiki wurare da yawa. Wasu ko amsa ba su yi, wasu su ce suna neman wanda ya taɓa yin aiki. A wannan tsakanin, ɗan maƙwabtanmu da ya koyi gyaran waya a bakin tasha har ya yi aure, 'yar maƙwabciyarmu Lami da ta koyi ɗinki ta sayi kekenta. Ni kuwa ba na barin rana ta faɗi ban tuna wa Bilki da su ba.

Malam kaɗai ke tare mata. Ya kan ce mani, "Ki bar ta. Ni ma ban san abin da take yi ba, amma na ga irin zaman da take yi a kansa. Ba zaman wasa ba ne."

Wata rana ta dawo ranta a ɓace, wai an ce mata koyo kaɗai ba ya isa, sai ta gina wani abu na gaske da za ta nuna. Malam yana gyara ƙoƙunan irinsa a tsakar gida, ya ce, "To ki gina mani mana." Damuwarsa ita ce gonaki sun zama kufai, yara suna tashi a gari, wata rana za a nemi wanda ya san bambancin kaura da mori a rasa. Haka suka fara. Ta ɗauki hoton kan kowace dawa, shi kuma ya yi bayani da bakinsa: lokacin shuka, irin ƙasar da take so, yadda ake zaɓen iri, yadda ake ajiye shi kar ƙwaro ya ci. In ka danna hoton sai ka ji muryarsa. Ta so ta sa rubutu, ya ce masu buƙatar abin ba su iya karatu ba. Ta ce sai da sabis zai yi, ya ce, "A gona wa zai ba ka sabis?" Ta koma ta yi ta fama har ta sa abin yana yi ko babu. Ni ina daga bakin murhu ina yi masu dariya, tsoho da jika sun zauna ƙarƙashin darbejiya suna yi wa waya wa'azi.

Ba su ƙarasa ba. Malam ya fita kasuwa da safe da ƙafarsa, aka dawo da shi a mota. Likita ya ce hawan jini ne. Bai ƙara magana ba, kafin la'asar ya cika.

(Dakata, Saude. To. Mu je.)

Na shiga takaba. Ba kwalli, ba turare, ba fita, zane ɗaya mai duhu. Ƙawata Iya Tabawa ta kawo mani 'yar wuƙa ta ce in riƙa riƙewa, haka iyayenmu suka yi. Saude ta ce canfi ne, na ce na ji, amma hannuna ya saba da ita, ko ina zan je cikin gida tana hannuna. Masu gaisuwa suna ta zuwa. Waɗanda suke nesa kuma ta kwamfutar Bilki suke yi: ƙanen Malam da ke Makka, 'yar ƙanwata da ke aure a Legas, da wasu dangi da ban ma san su ba. A duk gidan nan, jikin tagar ɗakina ne kaɗai sabis ke da ƙarfi. Sai Bilki ta kife turmi a wurin, ta ɗora kwamfutar, ni kuma in zauna a tabarma in karɓi gaisuwa. Na saba har na ƙware. Ku riƙe wannan, don shi ne hujjata, kuma ba ni da wata.

Ashe wani kamfani da ke yi wa manoma abubuwan waya ya kira Bilki, za su yi mata tambayoyi ta kwamfuta kafin su ga ko za su ɗauke ta. Ta gaya wa babanta, ta gaya wa Saude, ni aka ɓoye mani. Wai in Kaka ta ji da safe, kafin azahar har mutanen garin 'Yargoje sun ji. (Kina dariya ko? Ku ne kuka jawo, da kun gaya mani da ba a yi haka ba.)

Ranar da hantsi na zaga bayan gida na yi wanka, na tsaya na yi alwala, na ɗan duba kaji. Ina shiga ɗaki sai na ga turmi a kife jikin taga, kwamfuta a kai, mutum uku a ciki suna jira. Bilki ba ta nan. Daga baya na ji an ɗauke wuta ne, cajin ya kusa ƙarewa, ta nemi izininsu ta ruga ɗakin babanta ta ɗauko batirin sola. Ni ina na sani? Na ce a raina, yarinyar nan ba ta da ta ido, ta bar baƙi zaune ta tafi yawonta. Na gyara mayafi, na zauna, na yi sallama.

Mace ɗaya ce, mai kamala, da ɗankwali shuɗi. Sai wani dattijo mai tabarau, da wani matashi da ya rufe kunnuwansa da abin sauraro. Suka dubi juna, ko in ce kowa ya dubi gefen akwatinsa. Matar ta amsa sallama, ta ce, "Sannu, Mama."

Na jira su ce ya haƙuri. Shiru. Na ce a raina yaran zamani ne, ba a koya masu ba, bari in taimaka masu. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Malam dai lokaci ya yi. Ya fita da ƙafarsa, aka dawo da shi."

Matar nan 'yar mutunci ce, Allah ya yi mata albarka. Nan take ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Mama. Ya haƙuri?" Matashin ya zare abin kunnensa ya ce Allah ya sa ya huta. Dattijon, wanda ba Bahaushe ba ne, ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu, sannu." Ku gaya mani, wa zai ga wannan ya ce ba ta'aziyya ba ce?

Na ce, "Ku 'ya'yan wa ne? Na wajen Sabuwa ne?"

Ta ce, "A'a, Mama, mu daga Kaduna muke. Wajen Bilkisu muka zo."

Da a nan na tsaya na ƙara tambaya ɗaya tak, da na tsira da mutuncina. Amma sai na ce a raina, abokan karatunta ne da malaminsu, Allah ya kawo mani waɗanda za ta ji maganarsu. Na gyara zama.

Na ce, "Yauwa, alhamdu lillahi. Tunda ku nata ne, don Allah ku yi mata faɗa. Yarinyar nan ta ƙare a gaban akwatin nan. Tuwo in ta ɗora sai ya ƙone, tana can tana tsaiko. Ta koyi ɗaya aka ce ya tsufa, ta koyi wani, gobe ma za a ce ya tsufa. Sa'o'inta kowa ya kama abin yi. Ni ban ga abin da karatun nan ya tsinana mata ba, ban da ciwon ido da cin data."

Matashin ya buɗe baki zai yi magana, matar ta ɗaga mashi hannu. Ta ce, "Mama, ai tana neman aiki, ko?"

Nan ne fa ta taɓo mani inda ke ciwo. Na ce, "Nema? Wane irin nema ne ba ta yi ba? Su masu ɗaukar aikin ne mutanen banza, marasa tsoron Allah! Yarinya ta zauna ta rubuta masu takarda da ladabi, ko su ce mun gani. In sun ga dama su ce sai wanda ya taɓa aiki. To in kowa ya ce haka, a ina za ta taɓa? A lahira? Suna can zaune cikin sanyi, 'ya'yansu kawai suke ɗauka. Wallahi da zan gan su ido da ido, da na gaya masu abin da uwarsu ba ta gaya masu ba!"

Duk wannan da nake yi, 'yar wuƙar takaba tana hannuna, kuma da ita nake nuni. Ban lura ba. Saude ce ta gaya mani daga baya, don lokacin tana leƙe ta taga, ta kasa shigowa ta kasa tafiya. Wai tsinin wuƙar har yana kusa taɓa hancin dattijon.

Na ga matar tana fassara wa dattijon da Turanci, ya cire tabarau yana share ido. Na ɗauka tausayi ne ya kama shi.

Sai ga Bilki a bakin ƙofa, rungume da batir, sanye da hijabinta na Sallah. Ta tsaya kamar an dasa ta. Ta ce a hankali, "Kaka."

Na ce, "Ke tsaya, ina magana da baƙi."

"Kaka, don Allah..."

"Kun gani ko? Haka take. Ba ta bari babba ya gama."

Matar ta danne dariya ta ce, "Bilkisu, bar Mama ta ƙarasa. Mama, to duk zaman nan da ta yi, ba abin da ta taɓa yi mai amfani ko ɗaya?"

Ni ba na ƙarya ko a kan wanda nake jin haushi. Na ce akwai abu ɗaya. Na laluba ƙarƙashin matashin kaina na ciro wayar Malam, wadda tun da ya rasu na hana kowa taɓawa. Na ce, "Ta sa kakanta a cikin nan. Kun ga ni ko alif ban sani ba, amma in na danna kan dawar nan sai ya yi magana. Ko babu sabis yana yi. Kullum in na idar da sallar asuba sai na saurare shi, in ba haka ba koko ba ya wuce mani. Kaura na fi so, don a nan ya yi tari ya ce a yafe mashi. Yana farawa ne da cewa, 'Assalamu alaikum, ni ne Isuhu na Ruwan Godiya...'"

Na faɗa. Da bakina. Tun ranar da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunan nan ba. Ko wani yaro mai irin sunan na gani, Mai-sunan-Malam nake ce mashi. Sai ga shi na faɗa a gaban jikata, da 'yata a taga, da baƙin maza biyu, ina cikin takaba, har da kwaikwayon muryarsa. Kuma ba wanda ya san ina sauraron abin nan. Ni da na yi ta yi masu dariya daga bakin murhu. Na ji Bilki ta ajiye batirin a ƙasa a hankali.

Don in rufe kunyar sai na danna kaura, na ɗaga wayar saitin kwamfutar. Muryar Malam ta cika ɗakin. Ya yi bayanin ƙasar da kaura ke so, ya yi tarin nan, ya ce a yafe mashi.

Da ya gama, matashin ne ya fara magana. Ya matso da fuskarsa ya ce, "Mama, wa ya koya maki dannawa?"

Na ce, "Koyo kuma? Ga kaura a fili, ko makaho ya shafa ya san ita ce."

Sai ya juya ga Bilki da Turanci. Ta durƙusa gefena, ta ba shi amsa. Ya sake tambaya, ta sake amsawa. Dattijon ya shiga. Ta jawo kwamfutar ta buɗe masu wani baƙin allo cike da ƙananan rubutu masu launi, tana nunawa tana bayani. Ni ina zaune a tsakiya kamar turmi na biyu. Sai a lokacin hankalina ya fara dawowa. Na dubi hijabin Sallah. Na dubi takardunta na makaranta a jere kan gadona. Na tuna duk gaisuwar mutuwar da na taɓa zuwa a rayuwata, ban taɓa ganin inda aka buɗe baƙin allo ba.

Na ja gefen hijabinta na ce, "Bilki, su wane ne waɗannan?"

Matar ce ta amsa, da murmushinta, cikin ladabi kamar mai miƙa goro.

Ta ce, "Mama, ai mu ne mutanen banzan."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage, ranar na san gaskiya ne. Na dubi wuƙar da ke hannuna, na tura ta ƙarƙashin cinya. Na ce, "To... Allah ya ba da lada. A gaida gida." Na miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara, na fita. Kuma ga abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar: mai takaba ba ta da wajen gudu. Da a ce ba takaba nake ba, da na hau mota sai Faskari, mutanen daji ma sun fi mani sauƙi. Iyakata ɗakin girki. Can na zauna bayan buhun gawayi, ina jin Turanci yana fitowa daga ɗakina, ina salati.

Da suka gama Bilki ta fito, ba ta ce mani komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi mani. Ta kawo mani abinci, ta kawo mani ruwa, ta share ɗaki, duk ba magana. Babanta ya shigo ya gaishe ni, ya zauna, ya buɗe baki, ya rufe, ya tashi. Ɗa ba ya yi wa uwa faɗa, amma na ji faɗan a yadda ya sa takalmi. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Yarinya ta yi ta wahala, sau ɗaya aka buɗe mata ƙofa, ni kuma na je na zauna a bakin ƙofar da wuƙa. Na yi ta roƙon Allah, in akwai hukunci a ɗora a kaina, kar a hana ta saboda tsohuwar banza.

Labari kuwa ya riga ya fita, kuma ba ni na fitar ba wannan karon. Iya Tabawa ta zo da sandarta, ta zauna, ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ashe kin iya sunan nashi. Mu muna nan muna zaton kin manta."

Na ce, "Tabawa, ki ji tsoron Allah, takaba nake."

Ta ce, "Ai shi na gani. Ni na ce ki riƙe wuƙa, ban ce ki yi fashi da ita ba."

Ranar na fara yin dariya tun rasuwar Malam. Na yi har ta koma kuka, ita ma ta taya ni.

Wata safiya ina zaune da wayar a kunne, sai Bilki ta shigo ba sallama ta faɗa jikina, har koko ya zube. Sun kira. Za su ɗauke ta gwaji na 'yan watanni, daga gida za ta riƙa yi, in ta yi kyau su tabbatar da ita. Na yi sujada a nan inda nake. Na ji kamar an sauke mani dutsen niƙa daga ƙirji. (Sun tabbatar da ita, Saude, ki sa wannan, kar mai karatu ya kwana da fargaba irin tawa.)

Da hankali ya kwanta na ce, "To alhamdu lillahi, tsaiko ya yi rana."

Ta ce, "Kaka, ai ba ma irin nawa suke aiki da shi ba. Wani daban ne, sai na koya."

Na ce, "Wani kuma? To na me kika sha wahalar?"

Ta ce ba haka ba ne. Da ba su ga sunan wancan a takardarta ba, ko kiranta ba za su yi ba. Kuma wanda ya taɓa aza tsaiko ɗaya ya san inda igiya ke bi, na biyu ba zai ba shi wuya ba. Amma waɗanda aka kira da yawa ne, kowa ya koyi abin da ta koya, wasu sun fi ta. Abin da matashin nan ya ce mata shi ne, kowa ya nuna masu shafin kanti na kwaikwayo, ita kaɗai ce aka ga wani mutum mai rai yana amfani da abin da ta yi, kuma ba don ya faranta mata ba.

Na ce, "Ke nan ni ce."

Ta ce, "Ke ce kika kusa kashe ni dai."

Babanta ya ce ƙoƙarinta ne. Saude ta ce rabo ne. Iya Tabawa ta ce tsoron wuƙa ne. Shi ya sa na ce maku har yau ban sani ba. In wata uwa ta tambaye ni ko ɗanta ya koyi tsaikon nan, abin da zan iya cewa shi ne ya koya, amma kar ya tsaya nan, ya yi wa wani na kusa da shi abin da zai mora. Kuma ranar tambayoyi ya kulle ɗaki, ya san inda kakarsa take.

Yanzu har aiki suke ba ni, ba albashi. Duk sabon abin da suka yi wa manoma, sai Hajiyar nan mai shuɗin ɗankwali ta ce a kai wa Mama ta danna. Da farko na ji daɗi, na ɗauka girmamawa ce. Sai da Bilki ta fassara mani yadda suke faɗa a ofis: wai in Mama ta iya, kowa ma zai iya. To, na gode. Na tsufa na zama ma'aunin rashin sani na wani kamfani a Kaduna. In mun gaisa takan ce, "Mama, mutanen banza suna gaisuwa." Ni kuma in rufe fuska da mayafi.

Darasin da na ɗauka ƙarami ne, kuma ya zo a makare: kafin in zauna gaban baƙo, in tambaye shi abin da ya kawo shi, ko da a kan turmi na same shi.

Na fita takaba, na mayar wa Tabawa wuƙarta. Wayar Malam dai tana nan ƙarƙashin matashin, yanzu ba na ɓoyewa. Akwai hoto ɗaya a ciki, na ƙarshe, kan farfara fari tas. In ka danna shi ba ya cewa komai. Bilki ta ce ta cire, ko ta nemo wani tsoho ya yi bayanin, na ce ta bar mani shi haka. Wani lokaci nakan danna, in kara a kunne, in jira.

Don ranar da zai fita kasuwar nan, da safe mun ɗan yi cacar baki, a kan Bilki ne kamar kullum. Ya sa hularsa, ya kai bakin zaure, sai ya juyo. Ina tankaɗe, ko ɗaga kai ban yi sosai ba. Da na san ita ce ta ƙarshe, da na ajiye rariyar. Ya ce:

"In Bilki ta tashi ki ce mata saura farfara, in na dawo mu ƙarasa. Ke kuma, don Allah, kar ki sa mata baki."